ZANCEN GIDA: Ja, Murjani ko Ruwan Hoda a Makewayi?

Ga damina ta ɗauke, gero ya shiga rumbu, dawa tana kan hanya, masu gida kuma sun fara duban bangayen da ruwa ya zaizaye. Kowace shekara haka ne. Da an ga ɗan kuɗin amfanin gona a hannu, Kirsimati kuma ta matso, sai hankali ya koma kan yaɓe da shafe.

Cikin wasiƙun da suka zo mana akwai ta wata uwargida daga Janbako, a ƙasar Maradun, can wajen Talata Mafara da Bakura cikin Jihar Zamfara. Ta ce bana Allah ya taimake su sun rushe tsohon makewayinsu na zana, sun gina na bulo, sun shafe shi da siminti, sun sa masa kwano da ƙofa. Saura fenti. To, a nan ne baki ya rabu. Maigida yana son ja wur, gama ya ce ja ba ya nuna dauɗa. Ita tana son ruwan hoda. Babbar 'yarsu kuwa ta ce sai ruwan murjani. Suna da yara ƙanana, mazan kuma ba su da aiki sai wanka a hanyar ruwan noman rani. Ta roƙe mu mu raba gardama.

Wani zai ce wannan ƙaramar magana ce, ba ta isa a ɓata takarda a kanta ba. Mu ba mu ga haka ba. Makewayi shi ne ɗakin da kowa na gida ya ke shiga kowace rana, tun daga jariri har zuwa kaka. Can ne kuma ciwo ya kan fara nuna kansa tun ba a kai ga kwanciya ba. Saboda haka launin da za a shafa masa ba zancen ado kaɗai ba ne. Ga amsarmu a taƙaice, sa'an nan mu kawo dalili: a makewayi, launi mai kyau shi ne wanda ke taimakon ido ya gani, ba wanda ke rufe masa ba.

Abin da ja ya ke ɓoyewa

Gaskiyar maigida ce, ja yana ɓoye dauɗa. Yana ɓoye tofin goro, da ruwan lalle, da jar ƙurar da ƙafa ke kwasowa. Amma fa dauɗar da ba a gani ba, ba ta tafi ko'ina ba, tana nan. Ba a ganinta, ba a wanke ta, ke nan. Abin da ya fi damunmu kuwa, ja yana ɓoye jini.

Mutanen wannan yanki sun san madatsar ruwa ta Bakolori, wadda aka gama ginawa a kan Gulbin Sakkwato a shekarar 1978. Daga cikinta aka jawo hanyoyin ruwa zuwa gonakin Maradun, da Talata Mafara, da Bakura. Albarkarta ba ta ɓoyuwa: shinkafa, da tumatir, da albasa har cikin rani. Amma duk inda ruwa ke tafiya a hankali cikin ciyayi, a can ƙananan dodon koɗi su ke zama, su ne kuwa masu renon ƙwayar tsargiya. Ƙwayar ta kan fito daga jikinsu ta shiga ruwa, ta huda fatar mai wanka ko mai dashen shinkafa ba tare da ya ji ba. In ta girma a jiki sai ta riƙa zuba ƙwai kewaye da mafitsara. Alamarta ta fari ita ce jini a ƙarshen fitsari, sau da yawa ɗigo kaɗan ne kawai.

Yaro ɗan shekara takwas ba zai zo ya ce, Mama, ina fitsarin jini ba. Ko kunya ta hana shi, ko tsoron a hana shi zuwa ruwa. Waɗansu ma sun ɗauka alamar zama namiji ce, alhali kuwa ciwo ne mai shan jinin yaro, ya sa shi kasala a makaranta, in ya daɗe kuma ya ɓata mafitsara da ƙoda. Wa zai gane? Uwar da ta shiga wanke makewayi da safe, in daɓen ya bar ta ta gani. A kan daɓe mai haske ɗigon jini yana kiran ido. A kan jan daɓe kuwa sai a kora da ruwa a wuce, har shekara ta zagayo. Ga shi maganin tsargiya, watau Praziquantel, ba shi da wuyar sha, a kan ma raba shi a makarantu. Wuyar ita ce a san akwai ciwon.

Ba tsargiya kaɗai ba. Atuni yana zuwa da jini. Mace mai ciki in ta ga jini, ba abin jira ba ne. Fitsarin mai shawara ya kan yi duhu kamar ruwan shayi. Duk waɗannan a makewayi a ke fara ganinsu. A shekarun nan da rashin tsaro ya sa tafiya asibitin Gusau ko Sakkwato ta zama abin a yi shawara, gane ciwo da wuri ya ƙara daraja, gama ƙaramin asibitin kusa yana iya maganinsa tun bai yi ƙarfi ba. Saboda haka muna roƙon maigida ya haƙura da jan daɓe.

Bango mai duhu kuma yana da nasa baƙin. Sauro yana son wuri mai duhu da laima ya wuni a ciki. A shekarar 2022 masana a Jami'ar Washington ta Amurka suka nuna cewa sauron da ke kawo shawara, in ya ji numfashin mutum, ya fi nufar ja, da ruwan goro, da baƙi, ya ƙyale fari. Ba mu ce fenti zai kori sauro ba, gidan sauro da kwashe kwantaccen ruwa su ne magani. Amma a kan bango mai haske ana ganin sauro a kashe shi, ana ganin kyankyaso, ana ganin kunamar da ta lafe a kusurwa kafin yaro ya kai hannu ɗaukar buta da dare.

Ja iri biyu ne

Yanzu sai mu zo kan magana ta biyu, wadda ta fi ta farko nauyi. Kafin ka sayi jan fenti, ka tambayi kanka, me ya sa shi ya yi ja?

Akwai jan da kakanninmu suka sani, na jar ƙasa da marmara. Abin da ke ba ƙasa wannan launi ba kome ba ne sai tsatsar ƙarfe da ke cikinta. Da ita magina suka yi ta shafe soraye, su haɗa da makuba daga ɓawon ɗorawa domin ruwa ya zame, masu hali kuma su sa laso. Jan garin nan da birkiloli ke zubawa a siminti, wanda a jikin ledarsa a ke rubuta Red Oxide, ɗan'uwan jar ƙasa ne, an dai tace shi ne a masana'anta. Wannan ja ba ya ƙyalli, yana da ɗan duhu kamar tukunyar da aka gasa. Amma rana ba ta cin launinsa, siminti da farar ƙasa ba su ƙone shi, ba ya kuma ɗauke da guba.

Akwai kuma ja mai walƙiya na fentin mai, wanda ke ɗaukar ido tun daga nesa. Shi ne a ke yi wa tsoron kyan ɗan maciji. Shekaru da yawa masu yin fenti suna zuba dalma a cikin fentin mai, domin launi ya fito sosai, ya bushe da sauri, ya kuma hana tsatsa. Launukan da aka fi samun dalma a cikinsu su ne rawaya, da ruwan goro, da ja, da kore. Ka ga ke nan ruwan murjani ma, da ya ke haɗin ja ne da rawaya, bai tsira ba in na mai ne.

Ba sai mun gaya wa mutumin Zamfara mece ce gubar dalma ba. A shekarar 2010 likitocin ƙungiyar MSF suka tarar yara suna ta mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da 'Yargalma. Da aka bincika sai aka ga ƙurar dutsen zinariya ce da a ke niƙawa a cikin gidaje. Yara wajen 400 suka rasu. Wancan daga ma'adini ne, ba daga fenti ba, kuma yawan dalmar ya fi na fenti nesa. Amma ƙarfen ɗaya ne. Na fenti ba ya kashewa farat ɗaya, a hankali ya ke aikinsa. Fenti ya tsufa, laima ta ɗaga shi, ya ɓare, ya zama gari. Yaro mai rarrafe ya dafa, ya sa hannu a baki. Jikin ƙaramin yaro yana shan dalma fiye da na babba, ta kan taɓa ƙwaƙwalwa, ta rage fahimi, abin da ta ɓata kuwa ba ya komowa. Mai ciki ma tana iya miƙa wa ɗan da ke cikinta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani ɗan kaɗan na dalma a jini da za a ce ba ya cutarwa.

Amurka ta hana fentin gida mai dalma tun 1978. Iyakar da Majalisar Ɗinkin Duniya ke shawartar ƙasashe su sa a doka ita ce kashi 90 cikin miliyan. A shekarar 2017 aka gwada gwangwanayen fentin mai da aka saya a kasuwannin Nijeriya, aka tarar fiye da rabinsu sun wuce wannan iyaka. Akwai kamfanonin da ba su sa dalma, amma ido ba ya rabe wannan da wancan, hanci ma haka. Makewayi kuwa, saboda ruwa da sabulu da guga kullum, shi ne wurin da fenti ya fi saurin ɓarewa a duk gidan.

To, me mai saye a kasuwar Talata Mafara ko Gusau zai yi? Fentin ruwa, wanda a ke sirkawa da ruwa ba da kananzir ba, da wuya a sami dalma a cikinsa. Shi ya fi dacewa da bango. In tilas ne a sayi na mai saboda ƙofa ko taga, a nemi gwangwani rufaffe mai sunan kamfani da adireshinsa, a duba ko an rubuta Lead Free a jikinsa. Wanda bai iya Turanci ba ya tafi da ɗan makaranta. Kada a sayi fentin da a ke aunawa a kwalba ko a gwangwanin madara, wanda ba a san asalinsa ba. Araha ba ta ado. In kuma za a yi wa ƙofar ƙarfe shafen farko na hana tsatsa, a lura: Red Oxide daban, Red Lead daban. Na biyun dalma ce zalla, a guje shi.

Yadda muka raba gardamar

Ga shawararmu ga mutanen Janbako, da duk mai irin wannan ɗaki. Kowa zai sami rabonsa.

Maigida, ka ɗauki bangon waje. Nan ne jan ka zai yi amfani. Ruwan sama in ya sauko daga kwano ya kan fantsala jar laka a gindin bango, farin fenti ba ya kwana biyu a wurin. A yi masa ɗamara da jan garin siminti daga ƙasa zuwa gwiwa, ko a shafe bangon duka in ana so. Ja mai walƙiya in ya sha ranar bazara ta ƙasar Zamfara ya kan koɗe ya yi fari-fari, na ƙasa kuwa yana nan yadda aka bar shi.

Uwargida, bangon ciki naki ne, daga kafaɗa zuwa sama. Ruwan hoda mai haske yana sa ƙaramin ɗaki ya yi kamar ya ƙara faɗi, yana kuma maido da hasken fitila ko tocila da dare. Ba sai an sayi fenti mai tsada ba. Farar ƙasa da ɗan jan gari kaɗan sun isa. Farar ƙasa tana da wani amfani kuma: funfuna ba ta son ta, bango kuma yana shan iska ta cikinta ya bushe. Aibinta ɗaya, tana gogewa, sai a sabunta ta kowace kaka.

'Yar gida kuma, a ba ta daga kafaɗa zuwa ƙasa, inda ruwan wanka ke bugu. Nan ana bukatar shafen siminti mai sumul da fentin ruwa irin wanda a ke iya wankewa. Ruwan murjani zai yi kyau ƙwarai, amma mai haske, wanda farinsa ya rinjayi jansa. In ya yi duhu har ɗigon jini ba zai fito a kansa ba, ya wuce gona da iri.

Daɓe kuwa ba na kowa ba ne, na lafiyar gida ne. A bar shi da launin siminti, ko a sa farin siminti ko fasassun tayil masu haske a kusurwar da a ke fitsari. Kada a shafa masa fentin mai ko kaɗan, gama in ya haɗu da ruwan sabulu santsinsa ya isa ya kā da tsohuwa ko mai ciki. A ba shi ɗan kaushi, a kuma karkata shi wajen magudana domin kada ruwa ya kwanta. Ga ƙananan yara, a sayi fo fari, kada a sayi ja.

Wajen haɗawa da shafawa

Ruwan hoda fari ne da ɗan ja. Murjani kuwa fari ne da ja da ɗan rawaya. Kullum a zuba ja cikin fari, kaɗan kaɗan, ana motsawa. Wanda ya zuba fari cikin ja zai ƙarar da bokiti bai kai ga launin da ya ke so ba. A haɗa abin da zai isa ɗakin duka a lokaci guda, domin haɗi na biyu ba ya taɓa yin daidai da na fari. In jan gari za a zuba a siminti, kada ya wuce kashi 1 cikin 10 na nauyin simintin, in ya wuce shafen ba zai yi ƙwari ba.

Kafin a shafe duka, a gwada wuri kamar faɗin faifai, a bar shi ya bushe. Farar ƙasa tana yaudara: tana jiƙe sai ka ga launi ya yi ƙarfi, ta bushe sai ya koma rabi. A duba gwajin da safe, a duba da rana, a kuma duba da dare da fitilar da a ke shiga da ita. Gani ya kori ji.

Sabon shafen siminti yana bukatar mako 4 ko fiye kafin a sa masa fenti. Mun san Kirsimati tana matsowa, baƙi kuma za su zo, amma wanda ya yi gaggawa zai ga fentinsa ya kumbura ya ɓare kafin Ista. In lokaci ya ƙure, a shafa farar ƙasa bana, fenti ya jira baɗi. In hunturu ya shigo, a zaɓi ranar da ba hazo, domin ƙura tana manne wa ɗanyen fenti. Mai shafa farar ƙasa ya yayyafa wa bango ruwa tukuna, ya kuma kiyaye idonsa da hannunsa, gama tana ƙuna. A bar taga ko ɗan fili tsakanin bango da kwano. Ɗakin da iska ba ta ratsa shi, ko wane irin fenti aka sa masa, gansakuka ce za ta zaɓa masa launi.

Ga waɗanda ke da tsohon fentin mai a makewayi ko a ƙofa, yana ɓarewa, ku ɗauka yana da dalma. Kada ku goge shi a bushe, kada ku ƙona shi da wuta. Ku jiƙa shi, ku kankare a hankali a kan leda, ku ƙulle ɓaraguzan ku binne nesa da rijiya da wurin wasan yara. Yara da masu ciki su bar wurin sai an gama an wanke. Mai aikin ya wanke hannu ya sāke tufafi kafin ya ɗauki yaro ko ya ci abinci. Gwangwanin fentin mai kuma, in ya ƙare, kada ya zama gugan rijiya, ko moɗa, ko mazubin manja. Mun sha ganin haka a gidaje, muna roƙo a daina.

Kalma ta ƙarshe

Muna yaba wa wannan gida na Janbako, da suka ɗauki kuɗin guminsu suka fara gyara makewayi tun ba su sayi kujerun falo ba. Da yawa a cikinmu mun ƙawata zaure domin baƙo, mun bar bayan gida domin ba mai gani. Amma 'ya'yanmu can su ke shiga ba takalmi. Muna kuma yaba musu da suka zauna suka yi shawara, miji da mata da 'ya, maimakon mutum ɗaya ya tafi kasuwa ya komo da galan a ka.

Uwargida, in an gama aikin, ki sa ido a kan daɓen nan kowace safiya. In kin ga abin da ba ki gane ba, kada ki kora ki yi shiru. Ki kira yaran a hankali, ba da faɗa ba, ki tambaye su, sa'an nan a kai su a gwada fitsarinsu. Ki rubuto mana kuma mu ji yadda murjanin ya fito.

A wata mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu yi magana a kan ramin masai: nisan da ya kamata ya kasance tsakaninsa da rijiya, da yadda a ke yi masa murfi domin ƙuda. Ku ci gaba da aiko da tambayoyinku. Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya.